Zare: 44,100 da 48,000, da abin da ke samun murya a tsakaninsu

1/
Jama'a, akwai wata lamba maƙale a jikin kowane fayil na sauti da ke wayarku, waƙa ce ko wa'azi ko saƙon muryar Hajiya, kuma yawancinmu ba mu taɓa leƙa ta ba. Wani 44,100, wani 48,000, wani 16,000. In aka yi wasa da ita, Malam sai ya koma magana kamar ɗan firamare, mawaƙiya ta koma kamar ta kwana da mura. Ku gyara zama, zaren na da ɗan tsawo 🧵

2/
Ni haɗa sauti ne sana'ata. Waƙar biki, tallan rediyo, karatun malamai da ake kwashewa daga kaset, duk ta hannuna suke bi. Kuma a aikin nan babu abin da ake yi kullum ba tare da an san ana yin sa ba kamar sauya wannan lambar.

3/
Mu faro daga tushe. Sauti kaɗawar iska ce. Makirfo na mayar da kaɗawar ta zama wutar lantarki mai hawa da sauka. Ita kuwa kwamfuta lamba kawai ta sani, don haka sai ta riƙa auna tsayin wutar nan tana rubutawa, ta auna ta rubuta, ta auna ta rubuta. Kowane awo ɗaya ni "ɗiba" nake ce masa. In ka ga 48,000, ana nufin an ɗiba sau 48,000 a sakan ɗaya.

4/
Ɗiba nawa ya isa? Akwai ƙa'ida mai sunan Harry Nyquist da Claude Shannon, na farko ya yi rubutunsa a 1928, na biyu a 1949, kuma Vladimir Kotelnikov a Rasha ya kai ga abin a 1933. Ta ce: in kana son kama sautin da ke kaɗawa sau kaza a sakan, dole ɗibarka ta wuce ninkinsa biyu.

Kunnen yaro mai lafiya na ji daga kaɗawa 20 zuwa wajen 20,000 a sakan. Ninki biyu 40,000 ke nan. Shi ya sa lambobin biyu duk suka ɗan haura 40,000.

5/
Ku riƙe wannan, don duk sauran zaren a kansa yake: kowace lamba tana da rufi, kuma rufin rabinta ne. Rufin 48,000 shi ne 24,000. Na 44,100 shi ne 22,050. Na 16,000 shi ne 8,000. Na kiran waya irin na da, mai ɗiba 8,000, rufinsa 4,000 kacal.

6/
To me ya kawo lamba mai ɓarin kai irin 44,100? Kaset ɗin bidiyo ne ya haife ta. A ƙarshen shekarun 1970 babu abin ajiya mai araha da zai ɗauki lambobin sauti, sai aka riƙa ɓoye su cikin layukan hoton bidiyo, ɗiba uku a kowane layi. A tsarin Amurka da Japan, layi 245 sau 60 sau 3. A tsarin PAL, wanda talabijin ɗinmu na Najeriya ya bi, layi 294 sau 50 sau 3. Ku buga a kalkuleta, duka biyun 44,100 za su ba ku. Sony da Philips suka ɗora faifan CD a kai, ya shigo kasuwa a 1982, shi ke nan duniyar waƙa ta gaje ta.

7/
Mutanen fim da talabijin kuwa 48,000 suka zauna a kai. Tana rabuwa daidai da hoto 24, 25 ko 30 a sakan: ɗiba 2,000, 1,920 ko 1,600 ga kowane hoto. Ita 44,100 in ka raba da 24 sai ta ba ka 1,837 da rabi, rabin ɗiba kuwa babu shi.

Sai aka wayi gari da gida biyu. Mai kiɗa ya buɗe FL Studio ya tarar da 44,100, edita ya buɗe aikinsa na bidiyo ya tarar da 48,000. Duk waƙar da za ta shiga fim sai ta ƙetare wannan iyakar.

8/
Hanya mafi sauƙi, kuma ba sauyi ba ce sam: a canza lambar da ke goshin fayil a bar cikinsa yadda yake. Kamar ka ɗauki buhun masara ka rubuta "gero" a jiki.

Fayil mai 44,100 da aka kunna a 48,000 zai yi sauri da kusan kashi 9 cikin ɗari. Waƙar minti uku ta ƙare a minti biyu da sakan 45, murya ta sirance. In aka juya, karatun awa ɗaya ya koma minti 65 da sakan 18, murya ta yi kauri tana jan ƙafa.

9/
A Audacity tarkon nan a fili yake. Rate da ke jikin layin sautin lambar goshi kawai yake canzawa. Resample da ke ƙarƙashin Tracks shi ne ke sauyin gaskiya. Yara nawa suka zo min da "Oga muryar ta lalace", ashe wuri ɗaya suka danna.

10/
Sauyin gaskiya fa? Nan ne daɗin yake. A cikin lokacin da fayil ɗin farko ya yi ɗiba 147, sabon yana buƙatar 160. Sau ɗaya kawai suke haɗuwa a wuri guda, sauran 159 duk tsakanin tsofaffin ɗiba suke faɗowa, inda ba wanda ya auna komai. Dole manhaja ta lissafo abin da makirfo zai gani da a ce an auna a daidai wannan lokacin.

11/
Dabarar da za ta fara zo wa kowa: a ja miƙaƙƙen layi tsakanin ɗiba biyu a karanta tsakiya. Ga sauti mai kauri irin na ganga, ba laifi, domin a hankali yake hawa da sauka. Amma ɗauki sauti mai kaɗawa 15,000 a fayil mai 44,100. Ko ɗiba uku bai cika ba a kowane zagaye. Inda sabuwar ɗiba ta faɗo tsakiya cif, ƙarfinsa bai kai rabi ba. Inda ta faɗo kan tsohuwa, ƙarfinsa cikakke. Sai sautin ya riƙa kumbura yana saɓewa sau dubbai a sakan, kuma wannan rawar da kanta sabon sauti take haifarwa wanda babu shi a situdiyo.

12/
Saukowa ƙasa ya fi haɗari. A ce daga 48,000 za ka koma 16,000. Lissafi ya yi kyau ai, ɗauki ɗaya ka zubar da biyu. To amma sabon rufin 8,000 ne. Ina sautin da ke 10,000 zai tafi?

Ba ɓacewa yake ba. Nannaɗowa yake ya dawo a matsayin 6,000. Na 12,000 ya dawo 4,000. Na 15,000 ya dawo 1,000, tsakiyar inda maganar mutum take. Ni sojan gona nake kiransu.

13/
Kun taɓa ɗaukar bidiyon fanka ko tayar mota kuka ga kamar baya take juyawa? Abu ɗaya ne. Tayar da ke juyawa sau 29 a sakan, kyamara na ɗaukar hoto 30, kowane hoto zai same ta saura kaɗan ta cika zagaye. Ido sai ya ga tana komawa baya a hankali, zagaye ɗaya a sakan. Kyamarar ba ta lalace ba. Ɗibarta ce ta yi kaɗan.

14/
Abin da ya sa nake ɗaukar wannan da zafi. Wata baiwar Allah ta taɓa kawo min memori, a ciki akwai muryar mahaifinta, Allah ya jiƙansa. Saƙo ne ya yi wa iyalinsa a kaset lokacin yana aiki a ƙasar waje, irin na da, ana gaishe da kowa da sunansa har da jaririn da ke goye. Ita ce jaririyar. An kai kaset ɗin wani shago an kwashe, kaset kuma ya bi hanyarsa wajen tashin gida.

15/
Na buɗe fayil: 8,000. Hoton sautin ya nuna babu komai sama da 4,000, kamar an sa almakashi. Wannan kaɗai da sauƙi, da zai zama kamar tsohon yana magana ta waya. Amma duk inda ya ce "s" ko "ts" sai ka ji wani fito kamar ana goga cokali a kwanon silba. "Assalamu alaikum" ɗin farko ma da fiton ya zo. An sauke lambar ba a tace ba.

16/
Ta ce, "Malam, ba ka da manhajar da za ta cire?" Na zauna kansa kwana biyu. Na rage ƙarar kaset, na daidaita ƙarfin murya, ya ɗan saurarru. Fiton kuwa yana nan, domin sojan gona ya riga ya zauna a kujera ɗaya da muryar gaskiya. Lambar 3,000 da aka rubuta ba ta ɗauke da shaidar ko 3,000 ce tun asali ko 5,000 ce da ta nannaɗo. In ka cire wannan ka cire wancan. Gari da toka ne suka haɗu.

Ta karɓi abinta ta yi godiya, ta ce ko a haka ma yaranta za su ji kakansu ya ambaci sunanta.

17/
Maganin kuwa tun farko abu ɗaya ne, kuma kowace mace a gidanmu ta san shi: tankaɗe. Kafin ka zubar da ɗiba ko ɗaya, ka bi da sautin ta rariya wadda za ta bar na ƙasa da sabon rufi ya wuce, ta tare na sama. In babu abin da ya haura rufi, babu abin da zai nannaɗo.

18/
Rariyar a manhaja ba wani sihiri ba ce, jerin lambobi ne. Don a fitar da sabuwar ɗiba ɗaya, ana duba maƙwabtanta na gaba da na baya, a ninka kowace da nata nauyin, a tara. Na kusa nauyinsu babba, na nesa ƙarami, wasu ma ragewa ake yi maimakon ƙarawa. In ka zana nauyin a takarda za ka ga tudu a tsakiya da ƙananan igiyoyi hagu da dama suna ƙanƙancewa. Masu lissafi sinc suke ce wa siffar.

19/
Ga yadda littafi ke koyar da tafiya daga 44,100 zuwa 48,000. Ka cusa sifili 159 bayan kowace ɗiba, lambar ta kumbura zuwa 7,056,000 a sakan. Ka tankaɗe, rariya ta cike guraben sifilin da abin da ya dace. Sannan ka ɗauki ɗaya cikin kowace 147. Abin da ya rage 48,000 cif.

20/
Wani zai ce, wayata ai za ta kama da wuta. Da haka ake yi kai tsaye, da ta kama 😅 A ce rariyar na da lamba 10,240. Ninka ta da miliyan bakwai ɗin nan, sama da ninkawa biliyan 72 ke nan a sakan, ga kunne ɗaya.

Amma duba: yawancin abin da ake ninkawa sifili ne, kuma 146 cikin 147 na amsar zubarwa za a yi. Me ya sa za ka dafa abin da za ka zubar? Sai aka yanka rariyar gida 160, kowane gida lamba 64, kowace sabuwar ɗiba gida ɗaya take buƙata. Aikin ya sauko ninkawa miliyan uku da 'yan kai. An rage shi sau 23,520, amsar kuma ba ta canza ko ɗigo ba. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai na ji daɗi.

21/
Sai dai cikakkiyar rariya ba ta da ƙarshe, igiyoyinta har abada suke tafiya. Dole a datse ta, kuma in ka datse da gatari sai ta riƙa yoyo. Don haka ake lallaɓa gefenta ya sauka a hankali. Shahararriyar hanyar yin haka tana ɗauke da sunan James Kaiser na Bell Labs.

22/
Daga nan ciniki ne. Doguwar rariya na yanka da kaifi, amma tana cin batir kuma tana jawo jinkiri, domin sai ta jira ɗiba na gaba sun iso. A fayil da ke ajiye wannan ba komai. A kiran bidiyo ko mawaƙin da ke jin kansa a abin kunne, jinkiri masifa ne. Gajeriya na da sauri, amma ko dai ta ci wani abu daga saman sautinka ko ta bar 'yan sojan gona su sulale.

A 44,100 filin da rariya ke da shi daga 20,000 zuwa 22,050 ne, ɗan lungu. A 48,000 har 24,000, kusan ninki biyu.

23/
Akwai masu cewa rariya mai kaifi na sa wani ɗan amo kafin bugun ganga ya sauka. Gaskiya ne, a hoto ana ganinsa. Amma amon a bakin rufi yake zama, a 44,100 wajen 22,000 ke nan. Ni da na haura talatin, na kuma sha janareta da lasifikar biki, kunnena bai kai can ba, naka ma da wuya. Inda na yarda a damu shi ne in an sauko 8,000 ko 16,000, don a nan rufin na cikin abin da kowa ke ji, tafi da bugun kalangu na iya tona shi.

24/
Wani abin mamaki game da harshenmu. Layin waya na da yana wuce daga 300 zuwa 3,400 ne kawai. Asalin kaɗawar muryar namiji kuwa wajen 100 da ɗoriya take, ƙasa da 300. Hausa kuma da hawa da saukar murya take bambanta kalmomi. To ta yaya muke gane juna a waya? Murya na tafe da 'ya'yanta, ninki biyu, ninki uku, ninki huɗu, kuma ƙwaƙwalwa na lissafo uwar daga tazarar 'ya'yan. Abin da waya ke ci shi ne "s", wadda yawancin ƙarfinta sama da 4,000 yake. Shi ya sa in ana karanta maka suna sai ka ce a maimaita.

25/
Ku masu harkar koya wa kwamfuta jin Hausa, wannan naku ne. Whisper, wanda OpenAI ta saki a 2022 kuma Hausa na cikin harsunansa, 16,000 yake ci. In kuna tara muryoyi, ku naɗa a 48,000 ku ajiye, ku sauke kwafi da rariya mai kyau. Na ga lambar da wani ya rubuta a Python yana ɗaukar ɗaya cikin uku kai tsaye, layi ɗaya, yana murna ta yi sauri. Sojan gona yake ciyar da injinsa.

26/
Haurawa sama kuma ba ta dawo da abin da ya tafi. Rikodin na 8,000 in ka mai da shi 96,000, fayil ya ninka girma sau 12, rufin sautin na nan a 4,000. Duk mai ce maka zai mayar da tsohon rikodin "HD" ta hanyar ɗaga lamba, data kawai zai ƙona maka.

27/
Batun baki da murya su saɓa a bidiyo, a rarrabe. In lambar goshi ce aka kuskure, cikin sakan goma an kusa saɓawa da sakan guda, makaho ma zai gane. In kuwa farko daidai ne sai can wajen minti arba'in ka ga leɓe ya riga murya, wannan agogo ne. Kyamara ta ce 48,000, na'urar naɗar murya ta ce 48,000, amma kowacce da ɗan agogonta a ciki. A ce sun bambanta da 50 cikin miliyan. A awa ɗaya sakan 0.18 ke nan, hoto huɗu da rabi, kuma ido na kama shi. Gyaransa ma sauyin ɗiba ne, da ɗan ƙanƙanin kaso. Bidiyon waya na da nasa ciwon daban, yawan hotonsa a sakan ba ya tsayawa wuri ɗaya.

28/
Yadda nake aikina. In abin bidiyo zai shiga, 48,000 tun daga makirfo, in huta da sauyi gaba ɗaya. In dole a sauya, sau ɗaya, a ƙarshe, daga WAV. Uwar fayil ba na taɓa ta, kwafi nake sauyawa. Kuma ina barin sarari kamar desibel ɗaya a sama, domin sabuwar ɗiba na iya faɗowa kan ƙololuwar da tsofaffin suka tsallake, ta fi su tsayi, sautin da aka cika maƙil ya tsage.

29/
Kayan aikin kyauta ne. SoX:

sox a.wav b.wav rate -v 48000

FFmpeg, in an gina shi da soxr:

ffmpeg -i a.wav -af aresample=resampler=soxr -ar 48000 b.wav

Audacity ma soxr ɗin yake amfani da shi. Manyan manhajojin haɗa waƙa na yau rariyarsu ba ta da matsala. Inda nake ɗar-ɗar shi ne ƙananan manhajojin "mai da kowane fayil kowane iri" masu talla biyar kafin ka danna komai.

30/
In za ka kai kaset ɗin gida a kwashe, tambaya biyu: a nawa za ku naɗa, kuma WAV za ku ba ni? In ya ce 44,100 ko 48,000, bismillah. In ya ce zai matse maka don ya shiga WhatsApp, ce masa ya ba ka babban tukuna, ƙaramin daga baya. Kaset ɗin kuma ka karɓo abinka ka adana inda zafi da laima ba sa kai wa.

31/
Ga gwajin da za ku yi da kanku. A Audacity, aiki a 48,000, ku shiga Generate ku zaɓi Chirp, daga 20 zuwa 20,000, sakan goma. Ku fitar da WAV, ku ba manhajar da kuke zargi ta mai da shi 16,000. Ku rage ƙara kafin ku kunna, don Allah, yana huda kunne.

Mai rariya ta gari, fiton zai hau ya hau, ya ɓace wajen 8,000, sauran shiru. Marar rariya, zai kai rufi ya juyo yana saukowa har ƙasa, sannan ya sake ɗan hawa. Wanda ya ji nasa ya juyo ya ajiye min sunan manhajar a ƙasa, ina tara su.